Tsaga da Rawani: Adon Gobirawa Ranar Hawa

A ƙasar Sukotilan, maza kan ɗaura wani zane mai ninki, kilt, ranar bikin gargajiya, kuma launin saƙarsa ke nuna zuriyar mutum. A Sabon Birni da Isa, tsaga ke wannan aiki: shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, ka san Bagobiri ne, jinin Bawa Jan Gwarzo na Alƙalawa.

Sutura kuwa, sai ranar hawan Sallah. Nan ake fito da babbar riga mai aska takwas, da rawani ɗan Kura wanda ya sha bugu yana ƙyalli, har shuninsa kan kama goshi. Shadda ba ta kamo ƙafarsa.

Mai son zuwa kallo dai ya fara tambayar lafiyar hanya.