Kocin da ya kulle ƙofa ya buga wasa

Ranar Lahadi, 12 ga Maris 1944, da hantsi, yawancin mutanen garin Durham na Jihar North Carolina a Amurka suna coci. Wasu samari farar fata, ɗaliban makarantar likitanci ta Jami'ar Duke, suka shiga mota suka bi ta lunguna don kada a gane inda suka nufa. Da suka isa kwalejin baƙar fata ta North Carolina College, suka lulluɓe kawunansu da riguna suka faɗa ɗakin wasa. Mai masaukinsu, John McLendon, kocin ƙwallon kwando na kwalejin, ya sa aka garƙame ƙofa.

Dokar Kudancin Amurka a wancan zamani ta raba baƙi da fari a makaranta, a mota, har a filin wasa. Abin ba wasa ba ne: watanni huɗu bayan wannan rana, wani direban bas a garin ya harbe sojan baƙar fata, Booker Spicely, kan rigimar kujera. Da labarin wasan ya fita, McLendon na iya rasa aikinsa, ko ma fiye da haka.

Da aka fara wasan, da farko kowa jikinsa na rawa, ƙwallo na ta suɓucewa. Can sai yaran McLendon suka ware. Salon da ya koya musu shi ne gudu ba tsayawa: da ƙwallo ta shigo hannu, a kai ta kwando kafin abokan karawa su koma su tsare gida. Aka tashi 88 da 44, yaran McLendon suka yi nasara. Daga nan suka gauraya, baƙi da fari a ɓangare ɗaya, suka sake buga wani wasan. Wani ɗan jarida ya ji labarin, amma ya yarda ya yi shiru. Sai a 1996 masanin tarihi Scott Ellsworth ya fallasa shi a jaridar New York Times.

An haifi McLendon a 1915 a garin Hiawatha na Jihar Kansas. A Jami'ar Kansas ya yi karatu a gaban James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891. Amma jami'ar ba ta sa baƙar fata a ƙungiyarta, don haka ɗalibin mai wasan bai taɓa buga mata ba. Ya kammala a 1936, ya fara horar da yaran sakandare a Kansas, kafin ya koma Durham.

Shi ba mai yawan jawabi ba ne. Hujjarsa tana kan allon maki. Ya koma Jami'ar Tennessee A&I a 1954, ya ci gasar ƙasa ta NAIA a 1957 da 1958 da 1959. Babu kocin kwaleji da ya taɓa cin kofin ƙasa na ƙwallon kwando sau uku a jere kafinsa, kuma a gasar da ake karawa da makarantun farar fata ya yi hakan. A 1961 ya jagoranci ƙungiyar ƙwararru ta Cleveland Pipers. A 1966 Jami'ar Cleveland State ta ɗauke shi, ya zama baƙar fata na farko da ya zama babban kocin ƙwallon kwando a jami'ar da yawancin ɗalibanta farar fata ne.

Duk da haka, sa'ad da zauren karrama gwanayen ƙwallon kwando, mai ɗauke da sunan malaminsa Naismith, ya shigar da shi a 1979, a matsayin wanda ya "taimaka wa wasan" aka rubuta shi. Ya rasu a 1999. Sai a 2016, shekara 17 bayan ya bar duniya, aka sake shigar da shi da sunan aikin da ya yi duk rayuwarsa: koci.