KALMOMIN LABARIN ƘASA BA NA JARRABAWA KAƊAI BA NE

Duk shekara, idan jarrabawar kammala sakandare ta gabato, za ka ga 'yan makaranta a gindin itatuwa suna bitar ma'anonin kalmomin labarin ƙasa, suna hadda irin ta aku. Da an fito daga ɗakin jarrabawa sai a watsar da su. Wannan kuwa babbar asara ce, domin kalmomin nan sunaye ne na abubuwan da ke ƙofar gidanmu, kuma da su ake yanke shawarar inda za a haƙa rijiya, ko a tare kogi, ko a gina asibiti. Ɗalibin da ya rikita su yau, shi ne ma'aikacin da zai rikita tsarin aiki gobe.

Masana sun kasa fannin gida biyu. Kashi na farko yana nazarin halittar ƙasa: duwatsu, koguna, iska da ruwan sama. Na biyu yana nazarin zaman mutane a kanta: yawansu, ƙaurarsu, garuruwansu da sana'o'insu.

LAYUKAN TASWIRA

Layukan da ke kwance a kan taswira suna nuna nisan wuri daga Ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. Nijeriya tana tsakanin digiri 4 da digiri 14 a arewa da shi. Layukan da ke tsaye kuwa suna nuna nisan wuri gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwic ta ƙasar Ingila. Da yake duniya tana kewaya kanta sau ɗaya cikin awa 24, kowane digiri ɗaya daidai yake da minti 4. Maiduguri tana wajen digiri 13 a gabas, Sakkwato tana wajen digiri 5, tazarar digiri 8 ke nan. Shi ya sa mutumin Maiduguri yake shan ruwa da azumi kimanin rabin awa kafin mutumin Sakkwato, alhali agogonsu ɗaya. Wanda ya gane wannan ba ya sake mance amfanin layukan tsaye.

YANAYI IRI BIYU

Kalmar yanayi tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda tilas a rarrabe. Akwai yanayin wuni, wato halin da gari ya wayi da shi yau, ko hadari, ko hazo, ko zafi. Akwai kuma tsayayyen yanayin ƙasa, wanda ba a yanke hukunci a kansa sai an tara awon shekara 30 an fitar da matsakaici. Saboda haka damina ɗaya mai albarka ba ta isa a ce yanayin ƙasa ya gyaru ba, haka ma damina ɗaya maras kyau ba ta isa a ce ya ɓaci ba.

Abin da ke juya lokutanmu iska biyu ne. Ɗaya busasshiya ce mai tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce iskar hunturu. Ɗayar tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma ɗauke da danshi. Mahaɗarsu tana matsowa arewa da bazara, ta koma kudu da kaka. Dalilin da ya sa ke nan ruwa yake sauka a Ikko tun watan Maris ko Afrilu, amma manomin Sakkwato yakan jira har watan Yuni, kuma damina ta fi gajarta gwargwadon yadda aka nausa arewa.

FARI DA KWARAROWAR HAMADA

Nan ne rikicewa ta fi haɗari. Fari ƙarancin ruwan sama ne na wani lokaci, yakan zo ya wuce, kamar wanda aka sha daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984. Kwararowar hamada kuwa lalacewar ƙasar ce kanta, har ta kasa fitar da tsiro ko da ruwa ya dawo, kuma hannun mutum yana ciki: saran itatuwa, kiwo fiye da ƙarfin makiyaya, da noma ba hutu. Maganin fari shi ne tanadin abinci da agaji. Maganin kwararowar hamada shi ne dashen itatuwa da gyaran tsarin kiwo da noma, aiki na shekaru masu yawa. Jami'in da ya kira ɗaya da sunan ɗayan zai kai buhunan hatsi inda ake bukatar dashe, badi kuma ya sake kaiwa.

Zaizayar ƙasa ma tana cikin wannan sahu, wato ruwa ko iska su kwashe ƙasar sama mai albarka. Manomanmu sun riga littafi sanin matakanta: sun san jigawa mai yashi, sun san fako da ya ƙeƙashe ba ya shan ruwa, sun san fadama mai riƙe laima har rani. Kalmar fadama ma ta shiga littattafan Turanci da sunanta na Hausa.

KOGI DA YANKINSA

Yankin kogi shi ne dukan ƙasar da ruwanta ke gangarawa cikin kogi ɗaya, mararrabar ruwa kuwa ita ce tudun da ya raba yanki da yanki. Tsaunukan Jos kyakkyawan misali ne. Daga nan Kogin Kaduna yake gangarawa zuwa Kwara, Gongola ya nufi Binuwai su haɗu a Numan, Jama'are kuma ya bi ta Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ma'anar wannan ita ce mutanen yanki ɗaya ƙaddararsu ɗaya. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, Kano ta sami ruwan sha da noman rani, amma ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya na can suka ji a jikinsu. Tafkin Chadi kansa, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa a tsakiyar shekarun 1980.

ZAMAN MUTANE

Yawan jama'a dabam, cunkoson jama'a dabam. Ana samun cunkoso ne idan aka raba yawan mutane da faɗin ƙasarsu. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, wato fiye da mutum 450 a kowane murabba'in kilomita. Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗi, a ƙidayar ta 2006 tana da kusan miliyan 4, wato kimanin mutum 50. Bukatarsu ba ɗaya ba ce: inda aka cunkushe ƙasar noma ce ke ƙaranci, inda aka warwatsu kuwa nisan hanya zuwa makaranta da asibiti ne matsala.

Haka nan ƙaura da cirani. Mai ƙaura ya tashi ke nan da iyalinsa. Ɗan cirani kuwa yakan bar gida bayan girbi ya nemi kuɗi a birni, ya koma da saukar ruwa. Littafi yana magana a kan abin da ke korar mutum daga gida da abin da ke jawo shi birni, kuma kowane ɗalibi ya san maƙwabcin da rashin aikin rani ya kora. Mai tsara gari da ya ƙirga 'yan cirani a matsayin mazauna na dindindin, ko ya manta da su ɗungum, lissafinsa ba zai fita ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga malamai da su riƙa fita da ɗalibai bayan gari, su nuna musu kwazazzabo da fadama da ido, domin gani ya kori ji. Su kuma ɗalibai, duk kalmar da suka haddace su nemo mata misali a garinsu kafin su wuce gaba. Ma'aikata kuwa su duba rahotannin da suke rubutawa, su tabbatar sun kira kowane abu da sunansa, domin a kan waɗannan sunaye ake kasafta kuɗin jama'a.