Gargaɗi ga Samarin Zongo da Iyayen Adawlato: A Yi Hattara da Dillancin Makarantu

Jama'ar Zongon Lome, alhazai da hajiyoyin kasuwar Adawlato, samari da 'yan mata masu riƙe da takardar bak ta kammala sakandare, a saurara. Wata sana'a ta shigo mana da ƙarfinta: nemar wa yara gurbin karatu a jami'o'in gida da na waje. Masu ita suna kiran kansu masu ba ɗalibai shawara, yara kuwa ejan suke ce musu. Da sakamakon jarrabawa ya fito, sai tallarsu ta cika WhatsApp da Facebook: gurbi a Kanada, tallafin karatu a Rasha, digiri cikin shekara guda. Samarinmu da ba su sami aiki ba sun fara ganin abin a matsayin kasuwa marar jari, waya ɗaya da zaƙin baki sun isa. Su nake fara ja wa kunne, kafin iyaye.

Sana'ar kanta halal ce, kuma muna bukatarta. Uban da ya yi shekara talatin yana sayar da atamfa ya san kuɗi, amma bai san bambancin jami'ar gwamnati da makarantar kuɗi mai ɗaki huɗu ba, takardun kuma da Faransanci suke zuwa. Wanda zai zauna da shi ya warware masa ya ci ladansa. Ɓarnar tana farawa ne daga inda kuɗin ke fitowa. Galibin masu wannan harka makaranta ce ke biyansu la'ada a kan kowane ɗalibi da suka kai mata. Mutumin da abincinsa ke hannun makaranta ɗaya ba zai taɓa ce wa yaro waccan ta fi dacewa da shi ba. A al'adar zango, maigida shi ke tsaya wa baƙon da ya sauka a gidansa, in dillali ya cuci baƙo, sunan maigida ne ya ɓaci. Wannan sabon dillancin babu mai tsaya masa. In abu ya lalace, a kashe waya, a sauya layi.

Kada a ce ai labarin nesa ne. A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa yadda wakilinta Umar Audu ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ta hannun ejan, bai shiga aji ba, bai zauna jarrabawa ba, har aka karɓe shi hidimar ƙasa da takardar. Ranar 2 ga Janairun 2024 ma'aikatar ilimi ta Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da na Togo gaba ɗaya. A watan Agustan wannan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa tsakanin 2019 da 2023 an gano masu takardun da ba a amince da su ba sama da 21,600 daga Benin, da 1,105 daga Togo. A duk faɗin Togo jami'o'i uku kawai ya ambata a matsayin waɗanda Najeriya ta yarda da su: Jami'ar Lome, Jami'ar Kara, da Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma.

A duba wa abin ya faɗa wa. Cikin yaran nan akwai waɗanda suka san sayen kwali suke yi, su ba abin tausayi ba ne. Amma akwai waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka kama ɗaki, suka yi shekara uku suna zuwa aji da gaske, a makarantar da wani ɗan'uwa ya rantse musu cewa ingantacciya ce. Mu 'yan Zongo, da yake muna jin Hausa muna jin Faransanci, mu ne aka fi nema mu zama tsani tsakanin irin waɗannan makarantu da iyayen Arewa. Saurayin da ya karɓi la'ada ya kai ɗan ƙanin babansa makarantar da ba a san da ita ba, ya shirya amsa tambaya a kowane biki da kowace jana'iza ta dangi.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni. A 2025 ma'aikatar harkokin wajen Togo ta fitar da sanarwa cewa sojojin Yukren sun kama wasu 'yan Togo a fagen daga, kuma akasarinsu matasa ne da suka bar gida da sunan tallafin karatu a Rasha. Ma'aikatar ta roƙi jama'a su tabbatar da gaskiyar duk wani tayin tallafi a wurin hukuma kafin su amsa. Yaro ya fita da jakar littattafai, iyaye suna sa albarka, ya ƙare da bindiga a yaƙin da bai san mafarinsa ba. Wani ne ya tura masa tallar, kuma mai yiwuwa shi ma mai turawar bai bincika ba.

Kanada ma, wadda ta zama waƙa a bakin samari, ta ƙara tsananta sharuɗɗa. Bayan an gano ɗaliban Indiya da wani ejan ya ba takardun gurbi na jabu, tun Disambar 2023 hukumar shige da fice take tuntuɓar makaranta kai tsaye don tabbatar da kowace takardar gurbi. A Janairun 2024 kuɗin guzurin da ake so ɗalibi ya nuna ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. Duk wanda aka kama da takardar ƙarya, shekara biyar ake hana shi shiga, kuma hukuncin a kan ɗalibi yake sauka.

To, saurayi ko budurwar da ke son sana'ar da gaske, ta ina za a shiga? Ta karatu. Ka san tsarin jami'o'inmu: digirin farko shekara uku ne, zangon karatu shida, na biyu shekara biyu. Wanda ya san wannan ba zai tallata digirin wata tara ba. Ka san hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, domin ita ke tantance darajar takardun manyan makarantu a ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma fanni-fanni take amincewa, don haka makaranta tana iya samun amincewa a fanni ɗaya ta rasa a wani. Wannan shi ne ramin da iyaye suka fi faɗawa: a nuna musu takarda mai hatimi, su kuwa ba su san ta wani fanni ce daban ba. Ka je ma'aikatar ilimi mai zurfi da ƙafarka ka ga sunan makaranta cikin masu izini. In yaron ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar ko Gana, ka tambayi hukumar ƙasarsu, domin can zai nemi aiki. Mai son Faransa, ofishin Campus France yana nan Lome, ta nan ake bi, ba wani ejan da ke da ƙofar baya. British Council tana horar da masu wannan aiki ta intanet har ta ba da shaida. Shawarar shige da fice ta Kanada kuwa, karɓar kuɗi a kanta sai mai lasisi. Bayan haka ka yi rajistar kamfani a ofishin CFE, ka karɓi lambar haraji, ka buɗe ofishin da za a iya samunka gobe. In da hali, ka fara aiki ƙarƙashin wanda ya daɗe a harkar kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ka kuma gaya wa uban yaro baki da baki nawa makaranta ke ba ka.

Iyaye, naku a taƙaice yake. Kuɗin makaranta asusun makaranta ake zuba shi, ba wayar wani ba. Kowace sefa a karɓi rasit. Fasfo da takardar bak ta asali su kwana a gida. Wanda ya yi alkawarin biza tabbas maƙaryaci ne, domin ofishin jakadanci ne kaɗai ke yanke hukunci. Wanda ya ce a kawo kuɗi yau don gobe za a rufe, a bar shi ya rufe.

Muna roƙon limaman Zongo su faɗi wannan a huɗubar Juma'a, sarakunan Zongo da shugabannin 'yan kasuwar Adawlato su isar da shi ga mutanensu. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru: ya tattara rasit da saƙonnin waya ya kai ƙara wurin 'yan sanda tun kafin a karɓi kuɗin maƙwabcinsa.