Nguru da Gashuwa: Kasuwar Yawon Shaƙatawa da Ke Jiran Masu Jari

Arewacin Jihar Yobe ba shi da bakin teku, amma fadamun Haɗeja da Nguru sun ba shi abin da garuruwan gaɓar teku ke jawo baƙi da shi, wato ruwa da kwale-kwale da ɗanyen kifi.

Babban abin kallo shi ne tsuntsaye. A kowane hunturu, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu ƙaura daga Turai sukan sauka a tafkin Dagona na ƙasar Bade, wanda ke cikin Gandun Daji na Ƙasa na yankin Tafkin Chadi. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989. A shekarar 2000 kuma aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, karo na farko a Nijeriya. Ga kuma bikin kamun kifi na Bade da aka san Gogaram da shi.

Sai dai kasuwar ta kaka ce, domin tsuntsayen sukan koma kafin zafin bazara. Don haka mai niyyar gina masauki a Nguru ko Gashuwa ya kamata ya sanya fataken kifin banda da na dabbobi cikin lissafinsa, don kada ɗakuna su zauna babu kowa.

Abin da ya fi damun masu lura da al'amarin shi ne ruwan kansa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin kwale-kwale da dama.