Wa Ya Kamata Ya Fara Tayi?

A kasuwar rake ta Maƙarfi, kamar sauran kasuwannin ƙasar Zazzau, ba kasafai mai kaya yake yanka wa kayansa kuɗi ba. Ka ce masa, "Malam, dami nawa?" ya ce, "Taya." Ka taya, ya ce, "Albarka." Ka ƙara, ya ce, "Da saura." Dillali na tsakiya yana lallashi: "Alhaji, ɗan ƙara wani abu. Kai kuma Malam, yi haƙuri ka sallama." Mun tashi mun tarar ana ɗaukar wannan "taya" a matsayin wayon mai kaya, wato ka kama bakinka har mai saye ya fito da abin da ke cikinsa. Amma binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa sau da yawa wanda ya fara ambaton kuɗi shi ke riƙe da akalar cinikin.

A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun juya wa mutane wani faifai mai lambobi daga 0 zuwa 100, wanda aka shirya shi ya tsaya a kan 10 ko 65. Sai suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10, amsarsu ta tsaya wajen kashi 25. Waɗanda suka ga 65 kuwa, wajen kashi 45. Kowa ya san faifan ba ruwansa da Afirka, amma lambar ta ja su. Adadin farko tamkar turke ne: akuya ta yi ta kewaye, ba za ta wuce tsawon igiyarta ba.

Kada a ce ai ƙwararre ba ya faɗawa. A 1987 Gregory Northcraft da Margaret Neale suka kai dillalan gidaje wani gida a garin Tucson na Amurka, suka ba kowane rukuni farashin neman sayarwa daban. Dillalan sun zagaya gidan da ƙafarsu, sun duba komai, amma ƙimar da suka yi masa ta bi farashin da aka rubuta musu, kuma yawancinsu ba su lissafa shi cikin abin da ya ja ra'ayinsu ba.

To ke nan mai raken Maƙarfi wauta yake yi? A'a. Fara tayi yana amfanar wanda ya san farashi ne. Wanda bai sani ba, ko kayansa ba su da ƙwari, lissafinsa daban ne. Ba na jin akwai waɗanda suka tsefe wannan matsala kamar 'yan wasan kartar da ake kira birij. Na san karta ba ta da farin jini a wurinmu saboda caca, amma wannan wasa ne na lissafi da ake gasar duniya a kansa.

Mutum huɗu ke buga shi, biyu-biyu, kowa da abokinsa a gabansa. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13. Kafin a jefa ko ɗaya sai an yi gwanjo: kowa ya faɗi yawan cin da yake ganin shi da abokinsa za su yi, da dangin katin da yake so ya zama mai rinjaye, kuma dole kowane tayi ya ɗara na baya. Harold Vanderbilt ne ya tsara ƙidayar wasan ta zamani a 1925. Ana auna ƙarfin hannu da maki: as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimilla 40. Yawanci sai mai 12 ko 13 yake buɗe tayi.

Gardamar ita ce: mutum yana da makin buɗewa, amma danginsa mafi tsawo, kati biyar, duk ƙanana ne. Ya ambaci dangin ko kuwa? Masu cewa a ambata suna da hujja. Idan abokinka na da uku na wannan dangi, kun haɗa takwas cikin 13, kuma yawa yana cin wasa ko da manyan na hannun wasu. Ka kuma riga abokan hamayya, ka tilasta musu fara nasu tayin daga sama. Illar kuwa ba daga abokan hamayya take fara zuwa ba, daga abokinka ne. Shi ya gaskata ka. Idan ɗaya ɓangaren ya ci gwanjon, dangin da ka ambata abokinka zai fara jefowa, ya miƙa musu ci a ɓagas. Ko kuma ya ɗaga tayin ya kai ku inda ba za ku iya fita ba. A shekarun 1950 a Kanada, Douglas Drury ya gaji da yadda abokin wasansa Eric Murray yake buɗe tayi da hannu mara ƙarfi, har aka ƙirƙiro wani tayi na musamman, wanda yake ɗauke da sunan Drury har yau, don tambayar aboki ko da gaske yake. Dokar wasan ma ta hana aboki biyu su yi wata yarjejeniyar tayi a ɓoye. Malaman fiƙihunmu sun riga su da nisa: sun halatta gwanjo, sun haramta najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai a ruɗi wani.

Manomin tumatir na fadamun Ikara da Kudan shi ne mai raunin hannu na gaske. A tsakiyar kakar rani kowa ya tsinko lokaci guda, kwanduna sun cika bakin hanya, ba ɗakin sanyi, motar da za ta kasuwar Mile 12 a Legas tana lodi. Mai saye ya san nunannen tumatir ba ya jiran jibi. Idan manomi ya yanka kuɗin da ya wuce hankali, a wuce gonar gaba. Idan ya ce "taya," mai saye ya kafa turkensa can ƙasa, a wuni ana ja a kusa da shi. Dillalin da ya kamata ya zama abokinsa kuwa, la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, kuma da ɗan kasuwar yake hulɗa kowane mako, manomin sai kaka.

A ganina, shiru ba ya ceton irin wannan manomi. Gara ya buga waya kasuwar 'Yan Kaba a Kano ko Legas ya ji yadda kwando ya kwana, ya cire kuɗin mota da na lodi, sannan ya fara faɗin adadin da zai iya karewa da hujja. Dillali ma ya fi iya tsaya wa kuɗin da ba zai ba shi kunya a gaban Alhaji ba. Ƙarfin "albarka" kuma yana ga wanda yake da wata mafita: mai rake zai iya matse shi ya dafa mazarƙwaila, mai tumatir zai iya yankawa ya shanya kauɗa ya jira damina. A 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, 'yan tsirarun da suka tsira da amfaninsu ba su sha wahalar wa zai fara tayi ba, don masu saye ne suka riƙa ƙara wa juna kuɗi a bakin gona.