Ranar da Magini Ya Daina Zuwa Yaɓe

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a 2015. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi. Mai shagon buga takardu ya buɗe Word ya yi wa ɗalibai aikinsu kamar kullum, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka barazana ce kawai. Amma akwai abin da ya ƙare a ranar, ido ne dai ba ya ganinsa.

Babu manhajar da ba ta da ɓaraka. Layukan umarnin da aka gina Windows da su miliyoyi ne, dole a samu kuskure a ciki. 'Yan kutse na laluben waɗannan kafofi dare da rana, kamfani kuma yana bi yana toshewa. Ranar Talata ta biyu a kowane wata yake aiko da facinsa. Shi ne sabuntawar nan da ke cinye mana data har mu yi tsaki mu kashe ta. Idan aka ce an daina tallafi, to magini ne ya daina zuwa yaɓe. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa a damina ɗaya, sai dai duk tsagewar da ta bayyana ta zauna ke nan. Wani abin kuma, sabon Windows da tsoho tushensu ɗaya, don haka facin da aka yi wa sabo yakan nuna wa ɓarawo inda kafar take a jikin tsoho.

An ga misalin haka a watan Mayun 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansar dala 300. A Ingila, asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Abin takaicin, tun watan Maris Microsoft ya fitar da facin wannan kafa. Mafi yawan na'urorin da suka kamu Windows 7 ne a kansu, wanda a lokacin ana kula da shi, masu su ne ba su sabunta ba. Shi kuwa Windows XP, da aka sallama tun Afrilun 2014, sai da ɓarnar ta yi yawa kamfanin ya waiwaye shi da facin gaggawa.

Mai kuɗi yana iya sayen ƙarin lokaci. Gwamnatin Birtaniya ta biya fam miliyan 5.5 a 2014 don a ƙara mata shekara guda a kan XP. A Windows 10 ma an buɗe wannan ƙofa: dala 30 ga mutum ɗaya har zuwa Oktoban 2026, kamfanoni kuma dala 61 kan kowace na'ura, kuɗin yana ninkawa duk shekara har uku.

Sai wani ya ce, ai sai a koma Windows 11. Nan gizo ke saƙar. Windows 11 yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a kwamfutocin Intel sai masu ƙwaƙwalwa daga zubi na takwas zuwa sama, wato na wajen 2017 zuwa yau. Hujjar tsaron gaskiya ce, ban musa ba. Amma laftof mai Core i5 zubi na shida ko na bakwai lafiyarsa ƙalau, yana iya yi wa ɗalibi hidima har ya gama jami'a, kuma duk wanda aka tilasta wa sayen sabuwa, wani ne ya ci riba. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya turawa bola.

Ba bolar Turai kaɗai za su nufa ba. Irinsu ne ake cika kwantena da su zuwa Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso titin Beirut a Kano da sunan na hannu. Mai saye yakan duba batir da allo, ya taya, ya biya; da wuya ka ji ya tambayi zubi na nawa ce. Alhali a rubuce yake: i5-6300U na shida ne, i5-8250U na takwas, lambar farko bayan ɗan layin ita ce amsar, sai daga zubi na goma zuwa sama ne ake karanta lambobi biyun farko. Masu gyara sun san dabarar cusa Windows 11 a na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, kuma yana tashi, sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi wa irin wannan alkawarin faci ba.

Wanda tsohuwar ce a hannunsa, yana iya sa mata Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta ne, ba su da nauyi, kuma Ubuntu na ba fitowarsa mai dogon zango tallafin shekara biyar. Sabo da su ne aiki, musamman ga wanda hannunsa ya faɗa da CorelDraw, wanda ba a yi shi don Linux ba. Irin wannan gara ya bar ta a kan Windows ɗinta, ya raba ta da intanet, ya daina shiga asusun banki da ita, kuma ya riƙa tuhumar duk filashin da kwastoma ya miƙo masa.