Tabarau Ba Ya Cin Ido: Abin da Karkatar Haske Ke Koya Mana

A shagunan telolin Tudun Wada da zaurukan karatu na Zariya, akwai maganar da ta zauna daram a zukatan mutane, wai duk wanda ya fara sa tabarau ya kama hanyar makanta, domin gilashi yana cin ido. Wannan tsoro ne ya sa tela mai shekara 45 yake fama da zura zare a allura, malami kuma yake nesanta littafi da fuskarsa kafin baƙaƙe su fito. Maganar ba ta da tushe, kuma duk wanda ya san abin da ke faruwa idan haske ya gamu da wani abu zai gane haka.

Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya a sarari. Idan ya shiga ruwa sai gudun ya sauka zuwa kimanin 225,000, a cikin gilashi kuma kimanin 200,000. In ya shiga a karkace, gefe ɗaya yakan riga ɗaya rage gudu, sai hanyarsa ta lanƙwasa, kamar yadda kurar mai ruwa take juyawa idan tayarta ɗaya ta riga sauka daga kwalta ta faɗa yashi. Shi ya sa sandar da aka tsoma a kogin Kubanni take bayyana a karye alhali lafiyarta ƙalau. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan karkata a Bagadaza a shekarar 984, tun kafin Snell na Holan ya sake gano ta a 1621. Ibnul Haisam kuwa, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya shigo ido daga waje.

Ido ma da wannan ƙa'idar yake aiki. Fatar gaban ido mai garai-garai ita ce take yin kusan kashi biyu cikin uku na lanƙwasa haske. Sauran aikin na wata 'yar ƙwaya ne mai taushi da ke bayan baƙin ido, wadda take kumbura idan ana duban abu na kusa, ta baje idan ana hangen nesa, don hasken ya taru daidai a bangon bayan ido. Daga shekara 40 zuwa sama wannan ƙwaya takan fara tauri, ta kasa kumbura yadda ya kamata, sai rubutu ya dushe. Tabarau, wanda aka fara ƙera shi a Italiya wajen ƙarshen ƙarni na 13, yana lanƙwasa hasken ne tun a waje, ya cike giɓin da ƙwayar ta bari. Bai taɓa naman ido ba, bai zuba masa komai ba, aikinsa ya tsaya a kan haske.

Wani zai ce ai ya ga wanda ya fara sa tabarau, bayan shekara uku sai da aka ƙara masa lamba, kuma in ya cire ba ya ganin komai. Hakan yana faruwa, amma dalilinsa shekaru ne. Taurin ƙwayar ido yana ci gaba har wajen shekara 60, ko an sa gilashi ko ba a sa ba. Dushewar da ake ji bayan cirewa kuwa ita ce ta dā, sai dai wanda ya saba da gani tangaran ya daina haƙuri da ita. A wajen yara ma ƙin sawa ne yake cutarwa, domin idon da bai taɓa aika hoto mai kyau zuwa ƙwaƙwalwa ba a ƙuruciya yana iya zama rago har girma.

Wani kuma zai ce, in haka ne, a saya a tebur a huta. Gilashin karatu na kasuwa yakan wadatar da wanda idanunsa biyu suke da buƙata ɗaya, amma ba kowace dushewa ce ta rashin lanƙwasa ba. Haske yana kuma warwatsuwa idan ya ci karo da ƙananan abubuwa, abin da ƙurar hunturu take yi wa hasken rana a sararin Zariya ke nan. A yanar ido, ƙwayar ce take gurɓata ta riƙa warwatsa haske, kuma idan ta yi nisa tiyata ce maganinta. Hawan jinin ido kuwa jijiyar gani yake kashewa a ɓoye, babu lambar gilashin da za ta dawo da abin da ya tafi.

Saboda haka awo ne kan gaba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya daɗe a Tudun Wada kafin ya koma Shika, yana da sashen ido, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Wanda ya haura shekara 40, da yaron da yake matsowa gaban allo a aji, su je a auna su. In likita ya rubuta tabarau, a sa shi da kwanciyar hankali, tela ya koma kan kekensa, malami ya koma kan littafinsa.